Yadda za ka kwana a kan dutse ka sauko lafiya

Yawancin masu shirin hawan dutse na kwana a can ƙauyen da babu kwalta babu sabis, hawan ne yake tsaye musu a rai, wai ƙafa za ta yi tsami, numfashi zai yi sama-sama. E za su yi kam. Amma hawa da rana in dai mutum yana da lafiya kuma ya bi a hankali zai kai. Wuyar tana farawa ne bayan magariba, lokacin da ka tsaya, gumin jikinka ya huce, iska ta taso, duhu ya rufe hanyar da ka biyo, kuma babu gidan da za ka ƙwanƙwasa. Don haka duk abin da za ka yi tun daga asuba, yi shi da tunanin daren nan, ina zai same ka kuma a wane hali.

Fara da lissafin lokaci, don nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Akwai wani tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar tun 1892 kuma har yau ana aiki da shi: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa sama. Wato in hanyar kilomita 10 ce kuma za a hau mita 1,200, awa huɗu kenan. To amma fa wannan na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa kuma hanyar mai kyau ce, kai da kake ɗauke da tanti da ruwa da abinci kuma za ka huta za ka ci za ka yi laluben hanya, ɗauka awa shida ne ko fiye. In kuna da yawa, da saurin wanda ya fi kowa tafiya a hankali za a yi lissafin. Sannan in ka tambayi mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen suka ce maka ai nan kusa ne, ba ƙarya suke ba, su sun saba, ƙafarsu ta san kowane dutse. Tambaye su in mutum ya tashi da hantsi yaushe yake isa, ka ƙara rabin abin da suka faɗa a kai.

Ka sa wa kanka doka ka isa wurin kwana saura awa biyu rana ta faɗi. Ba wasa nake ba. Kafa tanti da ɗebo ruwa da dafa abinci a cikin duhu da hannun da sanyi ya ƙandare wahala ce ta daban, kuma a cikin kwari ko bayan tsauni rana tana ɓuya tun kafin lokacin faɗuwarta na gaskiya. Kuma tun a ƙasa ku yanke lokacin juyawa, ku ce in ƙarfe kaza ta yi ba mu kai wuri kaza ba to mun tsaya a inda ya dace ko mun juya. Dole a yanke shi tun kafin a tashi saboda a can sama zuciya ba ta yarda, kullum gani kake saura kaɗan, ka hau tudun da kake zaton shi ne ƙarshe sai ka ga wani a bayansa, ka hau wannan ma ga wani. Wannan abin yana karya gwiwa fiye da gajiyar kanta.

Kar ka hau kai kaɗai, kuma ka nemi ɗan jagora daga mutanen wurin ko da kana da taswira a waya. Taswira ba za ta gaya maka cewa ƙoramar da aka zana ta ƙafe tun watanni biyu ba, ko cewa ruwan bara ya zabtare hanyar, ko cewa akwai ɓangaren da mutanen gari ba sa so baƙo ya taka, ko inda babu tsaro. Ka gaida shugabannin ƙauyen ka faɗi abin da ya kawo ka, in wurin gandun gwamnati ne ka nemi izini. Sannan ka bar wa wani a gida bayani a rubuce, sunan dutsen, ta inda za ku hau, inda za ku kwana, ku nawa ne, yaushe za ku sauko, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara neman taimako. A wurin da mota ba ta zuwa, in aka samu karaya mutane ne za su ɗauko mutum a kafaɗa, kuma sai sun san inda yake tukuna.

Kaya kuma, abin da aka saba faɗa shi ne kar jakar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinka, mai kilo 70 kar ya wuce kilo 14. Za ka ga kamar da yawa, amma ruwa lita uku kaɗai kilo uku ne. Masu nauyi a tsakiya dab da bayanka, jakar barci a ƙasa, rigar ruwa da tocila a sama inda hannu zai kai nan take. Ɗaure bel ɗin ƙugu sosai don nauyin ya sauka a ƙugu ba kafaɗa ba. Kafin ka zuba komai, shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar ka zuba kayan a cikinta ka murɗe bakin, don babu jakar da ruwan sama mai ƙarfi ba ya ratsawa.

Sabon takalmi kar ka kuskura. Wanda ka riga ka yi tafiya da shi ƙafarka ta saba, mai ƙasa mai kama dutse, kuma yatsu suna da wurin motsi. Yanke farce kafin tafiya, don a gangare yatsu suna dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya cire. Da ka ji wani wuri a dunduniya ya fara zafi-zafi, tsaya a take ka cire takalmin ka manna filasta, kar ka ce bari mu kai gaba, minti biyar ɗin nan ita ce tsakaninka da bororon da zai sa ka ɗingisa gobe duk yini. Safa biyu aƙalla, ɗaya ta tafiya, ɗaya busasshiya da ba za a taɓa ta ba sai lokacin barci.

Yanzu sanyi, wanda shi ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutun. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. In ka bar ƙauye ana digiri 25 ka hau mita 2,000, kana wajen digiri 12 kenan tun rana ba ta faɗi ba, dare ya yi ya ƙara sauka, ga iska a kai. Mutane suna zaton sai an yi ƙanƙara sanyi ke kisa, alhali digiri 10 da jiƙaƙƙen kaya da iska sun isa su kwantar da ƙato. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma rigar auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, tana manne a jiki iska tana bugunta, yadda tulu ke sanyaya ruwan da ke cikinsa haka take sanyaya ka. Shi ya sa auduga da wandon jins ba kayan dutse ba ne. Nemi rigar ciki irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, suwaita ta ulu ko makamanciyarta a kai, sai rigar ruwa mai tare iska a waje. Sirara uku sun fi mai kauri ɗaya saboda kana iya cirewa kana ƙarawa. In za ka fara hawa cire suwaitar ko da kana ɗan jin sanyi, nan da minti goma jiki zai ɗumama, in ka tsaya hutu kuma mayar da ita tun kafin ka fara jin sanyin.

Da kun isa wurin kwana, kafin hoto kafin hira kafin komai, cire jiƙaƙƙiyar rigar ka sa busasshiya, sa hular sanyi. Mutane suna jinkirta wannan don a lokacin jikinsu da ɗumi, sai bayan rabin awa haƙora su fara haɗuwa, kuma dawo da ɗumin da ya tafi ya fi riƙe shi wuya sosai.

Wurin kafa tanti ma sai an zaɓa. Ban da ƙololuwa ko kan doron dutse, nan iska ta fi ƙarfi kuma nan tsawa ke sauka. Ban da can ƙasan kwari, don iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take ta taru a ƙasa tare da raɓa. Busasshen rafi kuwa ko yashinsa ya kai me laushi kar ka kwanta a ciki, ana iya yin ruwa a can saman dutse inda ba ka gani ba ka ji, cikin dare ambaliya ta iso da duwatsu da itace. Ɗaga kai ka duba sama, babu busasshen reshe, babu duwatsun da suka yi sako-sako a gangaren da ke kanka. Wuri mai ɗan tudu a tsakiyar gangare, a bayan wani babban dutse da zai tare iska, nesa da bakin ruwa kamar taku 70, shi ake nema. Juya ƙofar tantin ta ba iska baya, in ƙasa ta yi tauri turaku sun ƙi shiga ɗaure igiyoyin a manyan duwatsu.

Abin da sababbi ba sa sani shi ne ƙasa ta fi iska satar zafin jiki. Kana iya samun jakar barci mai kyau ka kwana kana rawar ɗari saboda ɓangaren da ka danne ya lotse ba ya riƙe ɗumi. Dole shimfiɗar soso ko ta hurawa a ƙarƙashinka, in babu to jakar bayanka da busasshiyar ciyawa da duk abin da zai raba ka da ƙasa. Ci abinci mai ɗumi mai maiƙo kafin ka kwanta ko da gajiya ta kashe maka sha'awar ci, don jiki da abinci yake hura wutarsa. Zuba ruwan zafi a gora mai murfi mai kyau ka naɗe ta da riga ka rungume. In fitsari ya matse ka tashi ka yi, na san fita daga bargo a wannan sanyin ba daɗi amma ba za ka yi barci da shi ba. Kuma don Allah, duk tsananin sanyi, kar a kunna risho ko a shigo da garwashi cikin rufaffen tanti. Iskar da suke fitarwa, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai yake ji ya kwanta bai tashi ba, ga shi yadin tanti yana kama wuta cikin daƙiƙoƙi.

Ku riƙa lura da juna, don wanda sanyi ya fara yi wa illa shi ne na ƙarshen ganewa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Da farko makyarkyata ce mai ƙarfi, sai hannu ya kasa jan zif ko ɗaure igiya, sai tuntuɓe, magana ta fara sarƙewa, mutum ya yi shiru ko ya riƙa faɗa ba dalili ko ya ce ku bar shi a nan ya ɗan kwanta. In makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya ƙara muni ne, ba sauƙi ya samu ba. A shigar da shi inda babu iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a hankali, a raba shi da ƙasa, a ɗumama ƙirji da wuya da hammata tukuna, wani ya shiga bargon tare da shi. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya a ba shi abin sha mai ɗumi mai sukari. Ba a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, ba a ba shi giya, ba a jijjiga shi.

Ruwan sha, lissafa kamar rabin lita a kowace awa ta hawa, fiye da haka in ana rana. A sama ƙishi ba ya damun mutum sosai saboda sanyi amma jiki yana zubar da ruwa ta numfashi, don haka duba fitsarinka, in ya yi ja-ja ya yi kaɗan to ka ƙara sha. Ruwan ƙorama ko ya kai me haske kar ka yarda da shi, dabbobi suna sha suna kashi a sama da inda kake. Tafasa shi minti ɗaya yana ɓararraka, in kun haura mita 2,000 minti uku, don a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Gudawa a kan dutse ba ƙaramin abu ba ce, riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, in babu to lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In dutsen ya haura mita 2,500 akwai ciwon tsayi, wanda ƙarancin iskar shaƙa ke kawowa, kuma bai san mai ƙarfi ba, ɗan wasan motsa jiki ma yana kamuwa. Ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, yawanci awanni bayan isa, wato daidai cikin dare. Mai wannan alamun ba ya ƙara hawa. In kuma ya fara tangaɗi ya kasa tafiya a miƙe, ko ya rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, a sauko da shi a lokacin ko da tsakar dare ne, da tocila da ɗan jagora, saukar mita ɗari uku zuwa dubu tana kawo sauƙi sosai. Irin wannan larurar ta ceton rai ce kaɗai dalilin da zan ce a yi tafiyar dare.

Hadari a kan dutse ya fi haɗuwa da rana zuwa la'asar, wani dalilin kenan na sammako. In ka ga walƙiya fara ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin ka ji tsawa kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba sauka daga kan doro, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ƙaramin kogo, ku warwatsu kar ku cunkushe wuri ɗaya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Tanti ba ya kare mutum daga aradu.

Shi kansa daren, ka sa a ranka ba za ka yi barcin kirki ba, kuma ba komai. Iska za ta riƙa kaɗa tantin, kowane motsin ciyawa sai ka ji gabanka ya faɗi, ƙugu zai yi ciwo, ka farka ka duba agogo ka ga ƙarfe ɗaya ce kawai. Sanyin ya fi tsanani dab da asuba, don haka ajiye suwaita ɗaya kusa da kai saboda lokacin. Tocilar goshi ta fi ta hannu, da batir na ƙari, kuma kar ka dogara da fitilar waya. Wayar ma sa ta a yanayin jirgi ka cusa ta cikin riga, sanyi yana shanye caji. Abinci a rufe shi a ajiye nesa da inda ake kwance saboda ɓeraye da sauran dabbobi. Ba a fita ba takalmi, ba a cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin tarin itace a duhu, da safe kuma a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa saboda kunama. In maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa tamau da igiya. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi da karan ɗori, a ɗauke shi zuwa asibiti da gaggawa, maganin dafi na asibiti shi ne magani.

In hazo ya rufe ko kun ɓace, ku tsaya. Mutumin da ya ɓata ƙara sauri yake don tsoro, sai ya ƙara nisa da inda za a neme shi. Zauna, sha ruwa, tuna wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi. Usur ya fi ihu kai wa nesa kuma ba ya cinye murya, busa uku a jere a ɗan dakata a sake alama ce ta neman agaji da aka sani a wurare da yawa, da dare a yi haka da tocila. In akwai ɗan sabis mai zuwa yana ɗaukewa tura saƙon tes, yakan fita a inda kira ya ƙi shiga.

Saukowa kuma mutane suna raina ta, alhali a nan aka fi faɗuwa. Ba ka yi barci ba, cinya ta yi tsami, raɓa ta jiƙa duwatsu sun yi santsi, hankali kuma ya riga ya tafi gida. Karya kumallo sosai kafin ka tashi, ƙara tamke igiyar takalmi don ƙafa ta daina zamewa gaba, gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu. A wuri mai tsakuwa kar wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, in dutse ya kuɓuce a yi ihu. Kar a yanke hanya don an hango rufin ƙauye, gangaren da ya yi kama da gajeriyar hanya sau da yawa a bakin rami yake ƙarewa. Kwashe sharar ku duka, a kashe wuta da ruwa har sai toka ta yi sanyi a hannu, kuma in an isa ƙasa a duba jiki saboda kaska.

Sai rafin da kuka tsallaka jiya da tsalle ɗaya, in an kwana ana ruwa za ku iya tarar da shi ya cika yana ruri. Jefa reshe ka ga gudunsa, in ya fi saurin tafiyarka ko ruwan ya wuce gwiwa kar ka shiga. In na shiga ne, nemi inda ya fi faɗi don nan ya fi rashin zurfi, bar takalminka a ƙafa, kwance bel ɗin jakar don ka iya yar da ita in ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa ka dogara da sanda kana matsawa gefe-gefe. In ba na shiga ba ne ku zauna ku jira, rafin dutse yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa, sau da yawa cikin 'yan awanni bayan ruwa ya ɗauke. Saboda irin wannan jiran ne za ka ɗauki abincin yini guda na ƙari, kuma lokacin da ka ba na gida na fara neman taimako ka sa masa ratar rabin yini a kan lokacin da kake sa ran saukowa.